Baƙar giya mai ƙarfi ta ƙananan kamfanoni: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

A kan kanta ɗaya za ka tarar da kwalabe biyu, duka baƙaƙe wuluk, duka an rubuta sitaut, sunan wani nau'in baƙar giya, a jikinsu. Ɗaya ta babban kamfani ce, ƙarfinta bai wuce kashi 4 ko 5 cikin 100 ba. Ɗayar kuwa daga wani ƙaramin gidan dafa giya ta fito, ƙarfinta kashi 12 ko 14, an tsoma bakinta a narkakken kaki, kuɗinta ya ninka na ta farkon sau biyar, wani lokacin har sau goma. Masu son irin wannan giya za su ce maka araha ba ta ado. Masu suka kuma su ce kuɗin takardar jikin kwalba kawai ake karɓa. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, domin farashin irin wannan kwalba kuɗi ne iri-iri aka tara aka liƙa musu lamba ɗaya. Akwai kuɗin ƙarfi, akwai kuɗin ganga da jira, akwai kuma kuɗin suna. Wanda addininsa ko lafiyarsa suka raba shi da giya, wannan lissafi bai shafe shi ba. Magana ce ga wanda ya riga ya tsaya gaban kantar yana juya kwalba a hannu.

A fara kawar da launi, tunda shi ya fi ruɗin mutane. Baƙin giya ba shi da tsada, kuma babu ruwansa da ƙarfinta. Yana fitowa ne daga ɗan sha'ir da aka soya har ya kusa ƙonewa, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na hatsin ya isa ya baƙanta tukunya guda. Tun 1817, lokacin da wani ɗan Ingila mai suna Daniel Wheeler ya ƙirƙiro ganga mai juyawa ta soya tsiron sha'ir, wannan aiki ya zama mai sauƙi. Guinness Draught, wadda ta fi kowace baƙar giya suna a duniya, ƙarfinta kashi 4.2 ne kacal, ƙasa da na yawancin farar giyar laga. Duk wanda ya ƙara maka kuɗi saboda giyarsa baƙa ce kawai, ya cuce ka.

Ƙarfi kuwa wata magana ce daban, kuma a nan mai dafawa yake da hujjarsa mafi nauyi. Barasar da ke cikin giya daga sukari take zuwa, sukarin kuma daga tsiron sha'ir. Ana jiƙa niƙaƙƙen tsiro a ruwan zafi, a tace a sami ruwa mai zaƙi, a tafasa shi da furen hof mai ɗaci, sannan a zuba yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa. Giya mai kashi 5 tana farawa ne da ruwan da kusan kashi 12 cikin 100 na nauyinsa sukari ne. Mai kashi 12 kuwa sai an fara da kashi 26 zuwa 30, musamman da yake ana so a bar sauran zaƙi da kauri a ƙarshe. Lissafin kai tsaye zai ce hatsi ninki biyu da rabi ke nan. A aikace ya fi haka. A dafuwar yau da kullum, bayan an tace ruwan farko, ana ɗauraye dusar da ƙarin ruwan zafi har sai an wanko kusan duk sukarin da ke maƙale a cikinta. Mai dafa giya mai ƙarfi ba shi da wannan dama, don kowace litar ruwan ɗauraya tsinka masa ruwan zaƙin take yi. Dole ya tsaya da wuri, yana ji yana gani a kwashe dusa mai sauran zaƙi a kai wa shanu. Shi ya sa lita 100 na giyar yau da kullum kan ci kilo 17 zuwa 20 na tsiro, amma lita 100 na sitaut mai kashi 12 kan ci kilo 50 ko fiye.

Tukunyar jiƙon ma tana da iyakarta. Idan ta cika maƙil da hatsi, ko dai ka haƙura da rabin yawan giyar da ka saba samu, ko ka yi jiƙo sau biyu kafin ka cika tukunyar tafasa guda ɗaya, wato aikin yini ya koma na yini biyu. Tafasar da aka saba yi cikin awa ɗaya ko ɗaya da rabi takan kai awa uku ko huɗu, don ruwa ya ƙone ya yi kauri, kuma duk wannan wuta ce ake biya. Tsoffin masu dafa giya na Ingila sun san maganin asarar dusa: ruwan farko su yi giya mai ƙarfi da shi, ruwan ɗauraya su yi mai sauƙi. Kamfanin Fuller's na Landan har yanzu yana bin wannan hanya. Amma ƙaramin gida mai tukunyar tafasa guda ɗaya sau da yawa ba shi da inda zai kai ruwa na biyun.

Sai yis. Halitta ce mai rai, kuma barasar da take haifarwa ita ke kashe ta. Da ƙarfi ya haura kashi 9 ko 10, yis yakan fara galabaita. Dole a zuba ninkin abin da aka saba, a ba shi iska sosai a farko, a kuma tsare zafin tankin. Idan ya tsaya a rabin hanya, abin da ya rage maka ruwan sukari ne mai danƙo. Idan zafi ya yi yawa, giyar ta fito da wari mai yaji a hanci irin na fenti. Giya mai sauƙi takan bar tanki cikin sati biyu ko uku, wannan kuwa wata ɗaya zuwa biyu. Ga ƙaramin kamfani mai tankuna shida ko takwas, tanki shi ne jari, kuma duk tankin da sitaut ta kwana a ciki wata biyu ya hana a yi dafuwa biyu ko uku na abin da ake sayarwa nan take.

Haraji kuma ya danganta da ƙasa. A Birtaniya, tun 1 ga Agustan 2023 ana karɓarsa ne bisa yawan tsantsar barasa. A farashin da aka fara da shi, giya mai ƙarfin kashi 3.5 zuwa 8.4 tana biyan fam 21.01 a kan kowace litar tsantsar barasa, wadda ta kai kashi 8.5 zuwa sama kuma fam 28.50. Ka buga lissafi a kan kwalba mai mililita 330: mai kashi 4.2 tana biyan kimanin fam 0.29, mai kashi 12 kuma kimanin fam 1.13, kusan ninki huɗu, kafin a ɗora harajin saye. Rangwamen da ake yi wa ƙananan masu dafawa ma bai shafi abin da ya kai kashi 8.5 ba. A Amurka kuwa harajin tarayya bisa yawan giyar yake, ba ruwansa da ƙarfi: ƙaramin kamfani yana biyan dala 3.50 a kan ganga mai lita 117 a ganguna 60,000 na farko. Saboda haka ɗan Birtaniya mai dafa giya zai iya nuna maka haraji a matsayin uzuri, ɗan Amurka ba zai iya ba. Abin da ya haɗa su shi ne dillali da mai kanti, waɗanda ribarsu kaso ce ta farashi. Duk ƙarin da ya hau a gidan dafuwa, kafin ya iso kanta ya haihu.

Idan aka tara waɗannan, giya mai kashi 12 da ake sayarwa ninki biyu da rabi ko uku na mai kashi 5 ba ta cuci kowa ba. Ko ta fuskar barasar da ke ciki kawai, kwalba mai mililita 330 mai kashi 5 tana ɗauke da mililita 16.5, mai kashi 12.5 kuma sama da 41. Ninki biyu da rabi ke nan daidai. Kuma ba a shan su iri ɗaya. Ka tsiyaya sitaut mai ƙarfi a kofi ka gani: tana sauka a hankali, da nauyi, kumfarta launin ƙasa-ƙasa ce ba fara ba, idan ka karkata kofin sai ta bar shafi a jikin gilashi yana gangarowa. Ba abin da za a kwankwaɗa ba ne. Kwalba ɗaya takan ɗauki mutum awa guda, lokacin da zai iya tashi da biyu ko uku na mai sauƙi.

Wannan giya ba sabuwar ƙirƙira ba ce, kuma tun asali mai tsada ce. A ƙarni na 18 gidajen dafa giya na Landan suna aika baƙar giya mai ƙarfi zuwa ƙasashen tekun Baltik da Rasha. Wanda ya fi suna shi ne gidan Thrale da ke Southwark, wanda ya koma Barclay Perkins a 1781, kuma daga cinikinsa da fadar Rasha aka samo sunan Imperial da ake rubutawa a kwalabe yau. Kamfanin Courage, wanda ya gaje shi, ya ci gaba da dafa ta har 1993. Ƙananan kamfanonin Amurka ne suka ɗauke ta suka ƙara mata ƙarfi da kauri, sannan suka zuba ta a ganga.

Kafin a kai ga ganga, akwai wani rukuni a tsakiya da mai neman shawara ya kamata ya sani, domin a ganina nan ne kuɗi ya fi yin aikinsa. Giyoyi ne masu ƙarfin kashi 7 zuwa 11, waɗanda ba su taɓa shiga ganga ba, ana dafa su duk tsawon shekara, kuma ba a yin layi a kansu. Old Rasputin ta kamfanin North Coast a Kalifoniya, kashi 9, ɗaci ne da ƙamshin soyayyen hatsi da kofi, ba ta da zaƙi da yawa. Imperial Stout ta Samuel Smith daga Yorkshire, kashi 7, ta fi laushi. Żywiec Porter ta Folan, kashi 9.5, da yis ɗin laga ake yin ta a sanyi, shi ya sa take da santsi duk da ƙarfinta, kuma tana cikin mafi araha a wannan sahu gaba ɗaya. Daga Beljiyam akwai Rochefort 10 mai kashi 11.3, da St. Bernardus Abt 12 mai kashi 10, da Chimay mai shuɗiyar takarda mai kashi 9. Su waɗannan ba sitaut ba ne. Launinsu ja ne mai duhu, ana ƙara musu dafaffen sukari, ɗanɗanonsu ya fi karkata ga zabibi da ɓaure, kuma yis ɗinsu yana ba su wani ƙamshi kamar kanumfari. Paulaner Salvator ta Jamus, kashi 7.9, zaƙin hatsi ce zalla. Ko Guinness tana da Foreign Extra Stout mai kashi 7.5, wadda ta fi Draught ɗaci da ɗan tsami nesa ba kusa ba. Duk wanda bai ratsa wannan rukuni ba ya tsallaka zuwa kwalba mai kaki a baki, bai ma san abin da zai auna ta da shi ba.

To, ganga. Dokar Amurka ta ce wuskin burbon dole a tsima shi a sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta. Sau ɗaya ake amfani da ita, sai a sayar. Kowace tana cin kimanin lita 200. A da masu yin wuski na Sikotland ne manyan masu sayenta. A shekarun 1990 kamfanin Goose Island na Shikago ya zuba sitaut a irin wannan ganga ya fitar da Bourbon County Stout, daga nan abin ya bazu. Abin da ganga ke bayarwa na gaske ne, ba zancen talla ba: itacen yana sakin ƙamshin banila da na kwakwa, sauran wuskin da katako ya sha yana komawa cikin giya ya ɗaga ƙarfinta, ɗan iskar da ke ratsa itace a hankali kuma tana daƙushe kaifin ɗacin soyayyen hatsi. Lokacin zafi giya ta shige cikin katako, lokacin sanyi ta fito. Babu wata gajeriyar hanya da ke ba da daidai wannan. Akwai masu jefa guntayen itace da aka jiƙa a wuski cikin tanki, abin yana kama, amma bai kai ba.

Kuɗin da ke tattare da ita ma na gaske ne. Giya za ta kwana a ganga wata shida, shekara, wani lokacin fiye. Ana biyan hayar ɗakin ajiya duk tsawon wannan lokaci, kuɗin hatsi da ƙwadago da aka riga aka kashe yana kwance bai dawo ba. Wani kaso yana ƙafewa ta jikin itace, wani ya tsiyaye ta tsaga. Masu wannan sana'a sukan huda ƙaramin rami a fuskar ganga su toshe da ƙusar ƙarfe marar tsatsa. Lokaci zuwa lokaci mutum ya zo da filaya ya zare ƙusar, siririn baƙin ruwa ya tsarto cikin kofi, ya mai da ƙusar da guduma, ya ɗanɗana, ya rubuta da alli, ya matsa ga ta gaba. Ganga ɗari, ɗanɗano ɗari. Wasu sun yi kyau, wasu sun yi ɗacin itace, wasu sun yi tsami saboda ƙwayoyin cuta da suka ɓuya a cikin katako. Kamfani mai mutunci yana zubar da marasa kyau ya gauraya sauran, kuma kuɗin waɗanda aka zubar yana cikin farashin waɗanda suka tsira. Ko manya ba su tsira daga wannan ba. Bourbon County ta shekarar 2015 ta kamu da wata ƙwayar bakteriya mai sa tsami, a 2016 kamfanin ya mayar wa mutane kuɗinsu, daga nan kuma ya fara ɗumama giyar don kashe ƙwayoyin kafin a zuba a kwalba.

Saboda haka idan ganga ta sake ninka farashi, ba sata ba ce. Amma a nan tambaya ta sauya. Kasancewar abu ya ci kuɗi wajen yi bai sa ya fi daɗi a bakin kowa ba. Mutane da yawa da suka ɗanɗana sitaut ɗaya kafin ganga da bayan ganga sukan zaɓi ta farko, don wuski yakan danne ɗanɗanon hatsin, ya ƙara zafi a maƙogwaro da zaƙi mai gundura. Wanda ba ya son wuski da ma, kada ya biya ninki don a sa masa shi a giya. Kuma ba duk ganga ce ganga ba. Wadda aka juye wuski daga cikinta makon jiya daban take da wadda ta bushe a rana ko wadda aka riga aka tsima giya a cikinta sau biyu. Takardar da ta ce an tsima a ganga kawai, ba ta faɗi wace iri ba, ba ta faɗi wata nawa ba, ni ina zarginta.

Ƙarin kayan ƙamshi kuwa, nan ne na fi rowar kuɗina. An shiga yayin sitaut mai zaƙi kamar kek, ana zuba mata banila, kokon cakulan, kofi, kwakwa, sukarin madara, har da biskit. Wasu daga cikin kayan suna da tsada da gaske. Bayan guguwar Enawo ta afka wa Madagaska a watan Maris na 2017, kilo ɗaya na banila ya kai wajen dala 600. Kwakwa kuma tana tsotse giya mai yawa ta tafi da ita. Sai dai zaƙi da ƙamshi su ne mafi sauƙin abin ɓoye aibi. Dafuwar da yis ya gaza a cikinta, a zuba mata banila da sukari, sai ta wuce. Kurɓi uku na farko sukan burge, rabin kofi kuma ya gagara ƙarewa.

Saura kuɗin suna, wanda ba ya shiga baki ko kaɗan. Misalin da ya fi fito da shi fili daga Beljiyam yake. 'Yan zuhudun ɗariƙar Trappist na gidan ibadar Sint-Sixtus suna dafa Westvleteren 12, mai kashi 10.2, daidai abin da zai riƙe gidansu da ayyukan taimakonsu, ba sa ƙarawa. A 2005 shafin RateBeer ya ce ita ce giya mafi kyau a duniya, motoci suka yi layi a ƙofar gidan. Su 'yan zuhudun ba su tsauwala farashi ba, har sukan sa mai saye ya yi alkawarin ba zai sayar wa wani ba. Amma a 2018 wani babban kanti a Holan ya fito da dubban kwalabenta a kan kusan yuro 10 kowace, wajen ninki biyar na kuɗin da ake sayar da ita a gidan ibadar, ba da izininsu ba. A wasu ƙasashe ana biyan fiye da haka. Ga abin lura: daga 1946 zuwa 1992, kamfanin St. Bernardus da ke garin Watou, 'yan kilomitoci daga gidan, shi ke dafa giyar kasuwa da sunan Sint-Sixtus bisa yarjejeniya. Abt 12 da yake sayarwa yau daga wannan tushe ta fito. Ba ɗaya suke ba, yis ɗinsu ya bambanta, amma tazarar da ke tsakanin ɗanɗanonsu ba ta kai ko kusa da tazarar da ke tsakanin farashinsu a hannun 'yan kasuwa ba.

A Amurka an mai da ƙaranci kansa sana'a. Kamfanin Three Floyds na jihar Indiyana ya yi suna da sayar da sitaut ɗinsa mai suna Dark Lord a rana ɗaya tak a shekara, da tikiti. Bourbon County tana fitowa ne ranar rububin saye ta bayan bikin godiya a watan Nuwamba. Kwalaben wasu ƙananan gidaje suna sauya hannu a kan ɗaruruwan daloli tsakanin masu tarawa. Sitaut mai suna KBS ta kamfanin Founders a Mishigan, wadda ake tsimawa a gangunan burbon cikin tsoffin ramukan haƙar ma'adinai, ta taɓa zama abin da ake farauta. Da aka fara fitar da ita duk tsawon shekara a 2020, sai ta zauna a kanta tana jiran mai saye, hayaniyar ta kwanta, alhali giyar tana nan da kyanta. Wanda yake son ya san ɗanɗanon ganga ba tare da biyan kuɗin layi ba, irin wannan ya kamata ya nema. A can ƙarshen sahu kuma akwai abubuwan da talla ce tsagwaronta: BrewDog ta Sikotland ta fitar da The End of History a 2010, kashi 55, kwalabe goma sha biyu kacal, kowace an cusa ta cikin fatar wata ƙaramar dabba, a kan fam 500 zuwa 700. Utopias ta Samuel Adams, kashi 28, an sa mata dala 240 a fitowar 2021.

Me ya sa masu biyan irin wannan kuɗi suke rantsuwa cewa ya cancanta? Ba lallai ƙarya suke yi ba. A 2008 Hilke Plassmann da abokan aikinta a Kalifoniya sun ba mutane giyar inabi iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce musu ta dala 10 ce, sau ɗaya ta dala 90, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Sun ce mai tsadar ta fi daɗi, kuma sashen ƙwaƙwalwa mai jin daɗi ya fi motsawa da gaske. Mutumin da ya tsaya layi tun asuba da wuya harshensa ya ba shi kunya. Shafukan ba da maki irin su Untappd da BeerAdvocate suna ƙara wa abin gishiri, domin sitaut mai ƙarfi ce ta cika saman jerinsu, kuma yawancin makin daga ɗan kurɓi ake ba da shi a wurin taro, inda abu mafi kauri da zaƙi ke cin gasa. Ba wanda ke tambayar ko mai ba da makin zai iya gama kwalba shi kaɗai.

Kalmar craft, wato giyar ƙananan masu sana'a, da ake bugawa a kwalba ma ba ta tabbatar da ƙanƙanta. Ƙungiyar Brewers Association ta Amurka tana kiran kamfani ƙarami ko da yana dafa ganga miliyan 6 a shekara. Goose Island kuwa tun 2011 Anheuser-Busch ta saye shi a kan dala miliyan 38.8. Wannan bai ɓata giyar ba, amma wanda yake ƙara kuɗi don ya tallafa wa ƙaramin mai sana'a ya kamata ya duba ko aljihun wa kuɗin ke shiga.

Wasu sukan kare tsadar da cewa ajiya ce, tana ƙara kyau da shekaru. Rabin gaskiya ce. Barasa mai yawa da soyayyen hatsi suna sa giya ta jure, kuma waɗanda aka bar musu yis mai rai a kwalba, irin na Beljiyam, sukan yi laushi cikin shekara biyu ko uku idan an ajiye su a tsaye, a wuri mai sanyi da duhu. Amma ƙamshin kofi da kwakwa da banila, waɗanda su aka fi biya wa kuɗi, su ne ke fara gudu, cikin watanni. Wadda aka tsima a ganga ta riga ta yi tsufanta, an sake ta ne lokacin da mai ita ya ga ta nuna. Idan aka wuce gona da iri, ɗanɗano ya koma na jiƙaƙƙen kwali da gishiri-gishiri. A ɗaki mai zafi wannan yana faruwa da sauri ƙwarai, kuma kwalbar da ta yi doguwar tafiya ta kwana a sito mai zafi tana iya lalacewa tun kafin ta iso hannunka, farashin kuwa bai ragu ba.

Akwai wani lissafin da girman kwalba ke ɓoyewa. Mililita 500 mai kashi 14 tana ɗauke da mililita 70 na tsantsar barasa, kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin cikakkiyar kwalbar giyar inabi mai kashi 13. A ma'aunin Birtaniya awo 7 ke nan, rabin awo 14 da hukumomin lafiyarsu suka ce kada a wuce a mako. Barasar kaɗai ta kusa kalori 400, ban da sukari. Zaƙi da kauri suna rufe ƙarfin har sai mutum ya miƙe tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa, kuma tsadar kwalba ba ta sauya wannan.

Ni dai ga yadda nake yanke hukunci a gaban kanta. Ina ɗaukar farashin giya mai kyau mai kashi 5 ta kamfani makamancin wannan, in daidaita girman kwalba, in ga ninki nawa ne. Har zuwa ninki uku, ga mai kashi 10 zuwa 12 marar ganga, ba na jayayya. Ninki huɗu zuwa shida, sai takarda ta gaya mini irin gangar da tsawon zaman da ranar zubawa a kwalba, kuma sai ina da wanda za mu raba, don babbar kwalba ta mutum uku ce, kuma idan aka raba kuɗin uku ya daina ba da tsoro. Abin da ya haura haka, ko wanda sai ta hannun mai sayarwa na biyu, na bar wa masu tarawa. Idan iri ɗaya ta zo a ƙaramar kwalba da babba, ƙaramar nake ɗauka ko da lissafin lita ya fi tsada, domin da zarar an buɗe ba ta kwana. Kuma kada a sha ta da sanyin firji. A fito da ita ta huce zuwa digiri 10 ko 13, a zuba a kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki, domin a sanyi ƙarara ƙamshin da aka biya wa kuɗi ba ya tashi, sai ɗaci da zafin barasa kawai ake ji.